Lissafin Ƙwauri

Asuba a Sheffield, yayyafi na lasar fitilun titi,
na ɗaure igiyar takalmi, na gangaro daga Crookes.
Garin nan tudu ne da gangare,
ni kuwa gangaren nake so, shi ke tura ni kyauta.

Wata huɗu ina ƙari kan ƙari,
mil uku, mil shida, ran Lahadi sha ɗaya.
Agogon hannu na yi mini kirari,
ƙwaurin hagu na gunaguni ƙasa-ƙasa.
Na ce masa yi shiru, tseren bazara ya kusa.

Malama Ackroyd, likitar gashin ƙashi,
ta ɗora ni kan injin gudu, ta ɗauke ni hoto ta gefe,
ta nuna mini kaina a hankali:
ga diddige ya riga gangar jiki isa,
ya caki ƙasa kamar mai taka birki.

Nawa ne nauyinka? Saba'in da takwas.
Ninka biyu da rabi, in ji ta,
abin da ƙasa ke maido maka ke nan a taku guda.
Na yi lissafi da yatsu, yatsun suka ƙare.
Ashe ƙasa ba ta kwana da bashi,
ka buge ta, nan take ta rama.

Ta ce ƙashi ba ƙarfe ba ne, gini ne,
da rana ka rusa kaɗan, da dare magina su yaɓe.
Kai ka hana magina barci,
kullum sabon kaya kan ɗanyen yaɓe.
A hoton ga tsaga nan,
siririya, ba ta kai silin gashi ba.
Ba faɗuwa na yi ba, ba tuntuɓe,
yau da gobe ce kawai.

Mako takwas ina kallon masu gudu ta tagar bas,
takalmina a bayan ƙofa yana hamma.

Yau na koma Endcliffe, minti ɗaya gudu, biyu tafiya,
gajeren taku, ƙafa ƙarƙashin ƙugu.
Ta ce in saurari sawuna,
in ya yi ƙara, ƙwauri ne ke biya.
Na wuce tattabaru huɗu a bakin rafi,
uku suka tashi.
Ɗayar ta dube ni, ta ci gaba da tsince-tsincenta.