Awa Goma Sha Biyu

Takardar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni aiki
tana can cikin durowa, ƙarƙashin rasit ɗin haya da na lantarki.
Shafi na bakwai ban taɓa duba shi ba
sai daren da Baba ya zube a ɗakin girki,
ludayi a hannu, wake na tafasa a kan wuta,
ɓarin jikinsa na dama ya tafi ya bar shi ba sallama.

Shafin ya ce: mako goma sha biyu na jinya.
Babu albashi, amma gurbinki zai jira ki.
Sau uku na karanta a barandar asibitin Toledo,
ina riƙe da shi kamar guga a bakin rijiya.

Madam Pruitt ba muguwa ba ce, kada a yi mata ƙazafi.
Tabarau ta gyara, ta juyo mini da fuskar kwamfuta.
"Marisela, doka tana son awa dubu da ɗari biyu da hamsin
cikin shekarar da ta wuce.
Naki dubu da ɗari biyu da talatin da takwas."
Ta ba ni ruwa a kofin takarda.

Goma sha biyu.
Na san inda suka shige.
Huɗu, safiyar da ƙanƙara ta toshe titi, bas bai zo ba.
Takwas, ranar da na kai Baba aka auna jininsa,
likita ya ce da sauƙi, a rage gishiri.

Gaba kura, baya sayaki:
in zauna kusa da gadonsa in rasa aikin,
ko in bar gadon don in sami izinin zama.

Lonnie Gaskins, wanda bai taɓa gaishe ni da suna ba,
wanda muka yi cacar baki a kan kujerar ɗakin cin abinci,
shi ya tare ni a bakin ƙofa.
"Daren Asabar nawa ne. Bakwai zuwa bakwai. Karɓi."
Bai tsaya jin godiya ba.

Daren nan kwalabe suka yi ta zuwa
da ɗumin tanda a jikinsu, kore, kore, kore,
ina tsince masu tsaga ina jefawa a kwando.
Waya tana aljihuna, haramun ce a kan layi.
Sau biyu ta girgiza a cinyata.
Ban ciro ta ba.
Na ƙirga kwalabe don kada in ƙirga numfashinsa.

Ƙarfe bakwai inji ya haɗiye katina ya tofo.
Dubu da ɗari biyu da hamsin cif,
ko minti babu gyara.

Na isa ɗaki na huɗu ina warin mai da gumi.
Idonsa biyu. Nas ce ta kira, wai yana neman tabaransa.
Ya buɗe rabin bakin da ya rage masa,
sunana ya fito rabi: Mari.
Sauran ya maƙale, muka bar shi nan.

Yau mako na biyar.
Gwangwanin kofi da muke tara canji ya fara ƙara in an girgiza shi,
mai gida ya turo takarda, na sa ta a durowar nan.
Amma jiya Eusebio Quintanilla, mai shekara saba'in da ɗaya,
ya riƙe cokali da hannun hagu,
ya kai wake har baki,
rabi ya zube a riga.
Ya harare ni don na yi tafi.