Rabon Ruwa

A hawa na uku na asibitin Damanhur
mahaifina ya kishingiɗa kan matasai biyu.
Cikinsa kan riga shi shiga ɗaki,
ya yi tamau kamar fatar ganga,
cibiya ta fito tana leƙen duniya.
Kwana tara ke nan bai iya ruku'u ba,
takalmi ma ni nake sa masa.

Dakta Rifƙa ta ɗora yatsa ta ƙwanƙwasa,
nan ya amsa tangaran, can ya amsa a dakushe,
sai ka ce mai zaɓen kankana.
Ta goga na'ura, allo ya nuna mana
baƙin tafki, hanji na iyo a ciki.
Ta ɗiga alama da biro, ƙasan cibiya, ta hagu.
Aidin ya rina wurin kamar lalle.
"Za ka ji harbin zuma, Baba Mitwalli,
daga nan shi ke nan."

Na kau da kai. Shi bai kau ba.

Doguwar allura ta nutse,
siririn tiyo ya ɗauki launi,
launin shayin da aka yi wa rowar ganye,
ya gangara cikin kwalbar da ke gindin gado
yana tsiyaya ba gaggawa.

Shekara arba'in yana tsaye cikin magudana
yana buɗe wa auduga, yana toshe wa shinkafa.
Tun yana yaro tsargiya ta bi ta tafin ƙafa,
ta yi zamanta, ta ci hanta a hankali
har ta mai da ita busasshen soso.
Ya dubi kwalba ta biyu, ya yi murmushi:
"Sau nawa na ɗaga wa Abdul-Maujud fartanya
a kan rabon ruwa?
Yau ga shi kyauta, ba mai so."

Girgis, ma'aikacin jinya, ya matse masa damtse,
ya rubuta lamba, ya rataya 'yar kwalbar albumin
wadda 'yan kunnena suka saya.
Baba bai sani ba. Na ja mayafi na rufe kunne.

Uku. Huɗu.
Haƙarƙari ya fara fitowa kamar kunyoyin gona
bayan ambaliya ta janye.
A ta biyar likita ta murɗa makunni.
"Ya isa. Ba a yashe rijiya a yini ɗaya."
Na ce, zai dawo?
Ba ta ɓoye mini ba: mako uku, wataƙila huɗu.
Ban da gishiri, ko a wake.

Sai na ji abin da na manta sautinsa,
numfashi mai tsawo, har ƙasa.
Ya ce a ba shi kwalaben ya zuba wa gwaibarsa.
Girgis ya yi dariya, ya tura su a kan keke,
ya bar mana filasta da takardar dawowa.

A hanya, da muka hau gada,
ya leƙa ta tagar mota, ya tsuke fuska:
"Wani sakarai ya bar ƙofar ruwa a buɗe."

Da magariba na tsaya bayan labule.
Ya sunkuya, ya dafa gwiwa, ya daɗe.
Sannan goshinsa ya taɓa ƙasa,
ni kuwa na fara ƙirga kwanaki.