Har Ya Sauka Gwiwa

Sati uku tasi ɗina na da ido biyu masu gaba da juna:
na hagu yana ƙirga taurarin Aboabo,
na dama ya duƙa cikin kwata
kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.
Direbobin tirotiro sun zage ni da Asantanci,
na gane zagin tun kafin a fassara.

Na je Suame da safe.
Boakye ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce
ɗan haƙorin roba ne ya karye a bayan fitilar,
amma ba a sayar da haƙori sai da kai gaba ɗaya,
sidi ɗari tara.
Na shafa aljihu, aljihu ya yi shiru.
Na sayi noti biyu da dogon ƙarfe mai zare,
na sha koko a tsaye, na dawo.

Bayan la'asar na ɗaga bonet a ƙofar gida.
Zafin inji ya mare ni.
Azumi ta riƙe tocila da hannu biyu
tana haska kunnena maimakon ramin.
Robar ta fito guntu-guntu a tafina
kamar busasshen ƙanzo.
Sifirin na ciro daga tsohuwar laimar uwarta,
ban faɗa mata ba tukuna.
Noti ɗaya ya suɓuce, ya gangara,
muka same shi ƙarƙashin kwanon dokunun Maame Serwaa,
ta miƙo shi da barkono a jiki.
Filaya ta cije ni a babban yatsa.
Na tsotse jinin, na ci gaba.

Sai da aka idar da isha'i aikin ya kama.
Na ja motar baya taku goma daga bango,
Azumi ta ɗauko gawayi za ta ja layi,
sai muryar Baba Gariba daga kan benci:
ku bar ɓata bangon mutane.

Shekara talatin ya ja babbar mota
tsakanin Kumasi da Bawku, dare da rana,
yanzu yana ta rufe masa ido,
ba ya bambanta ni da ƙofar ɗaki sai na yi tari.
Ya lalubo sandarsa,
ya sa aka jingina bencin da bango,
ya zauna ya gyara hula, ya ce kunna.

Na kunna.
Haske ya wanke masa fuska,
na ga kowane layi da hanya ta zana a goshinsa,
na ga farin da ya kwanta cikin idanun.
Bai ƙifta ba.
Ya ce: wannan kam ina ganinsa.
In makaho ya gan ka, ɗana,
mai ido ya riga ya faɗa rami.
Sauke.

Na juya sifana, zagaye ɗaya.
Hasken ya bar hular, ya tsaya a gemu.
Sauke.
Ya zo ƙirji, inda aljihun goro yake.
Sauke kaɗan.
Zare na ƙara, ina jin tsoron kada ya kwance,
har Baba ya ce duhu ya dawo,
ya ɗora tafi a kan gwiwarsa
kamar mai jin ɗumin abin da ya kwanta a wurin.
Nan ne, in ji shi. Ɗaure.

Na dama kuma ɗaga shi muka yi daga ƙasa,
ya hau yatsun ƙafa, ya hau ƙwauri,
ya je ya tarar da ɗan'uwansa.

Na kashe inji don batir.
Unguwa ta koma baƙi ƙirin.
Baba bai tashi ba.
Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba:
ɗan ƙara ɗaga mini babbar sau ɗaya,
kafin sauro su kore mu.