Harafi Ɗaya a Jinin Gidanmu

A Sassari, hawa na uku, inda firiji ke gurnani dare da rana,
na ajiye jinin baffa Bachisio a kwalba mai lamba.
Mutumin da kan tatse tumaki ɗari kafin ƙararrawar coci,
yau cokali ya fi ƙarfinsa,
miya na zubewa tun ba ta kai baki ba.

A ƙauyenmu na kan dutse ba a kiranta ciwo.
Rawar gidan Pintus, haka tsofaffi ke cewa.
Ta kama kaka Gavino yana da arba'in da biyu,
ta tsallake mahaifina kamar ba ta san ƙofarsa ba,
ta sauka kan ƙanensa.

Shekara shida ina bin diddiginta a na'ura.
Na iske ƙwayar gado guda, can lungun da ba a leƙawa.
Ba ta da suna, sai haruffa da lamba irin ta motar haya.
Takardu uku kacal aka taɓa rubutawa a kanta,
biyu a kan ɓeraye,
ta ukun ta ƙare da cewa ba a sani ba.

Harafi ɗaya ne ya sauya a cikinta.
Ɗaya tak,
tsakuwa a buhun alkama.

Amma ganin mutum a bakin rijiya
bai zama shaidar shi ya gurɓata ruwan ba.
Gwaggo Bonaria na ɗauke da harafin nan,
ga ta da tamanin, tana zura zare a allura ba tabarau.
Farfesa ya ce wataƙila.
Ya murza ido, ya sake cewa wataƙila.

Ran Lahadi na hau dutse da motar safe.
Baffa na ƙarƙashin zaitun, ya matse hannu tsakanin gwiwoyi.
Ya ce, Vannina, kin kama ɓarawon?
Na ce na ga sawu, ban ga ƙafa ba.
Ya yi dariya, ya turo mini cuku da wuƙa,
ya ce in yanka mana, shi ya bar yanka.

Nawa jinin ma yana cikin firijin nan,
layi na biyu, kwalba ta sha ɗaya.
Ban buɗe sakamakon ba.
Watan gobe zan cika arba'in.
Kullum da safe nakan ɗaga kofin gahawa,
in tsaya ina kallon saman ruwan
ko zai motsa.