Sabarar Ebute Metta

Mati direba ne ya kawo ta,
a bayan motar tumatir, tun daga Maigatari,
cikin gwangwanin madara, da ƙasarta ta gado.
Kwana biyu a hanya, ba wanda ya ba ta ko ɗigo.
Ya ce, "Baba Ila, ga 'yar garinku.
Ban san me za ka yi da ita a Ikko ba."

Ni ma ban sani ba.
Shekara talatin da huɗu ina gyaran birkin jirgin ƙasa,
ko albasa ban taɓa shukawa ba.
Na dai murza ganye ɗaya, na kai hanci,
sai ga ni a bayan garke, ɗan shekara tara,
hayaƙinta na korar ƙuda daga idon saniya.

Na nemo tsohon bokitin fenti,
na cika shi da baƙar ƙasar bakin kwata,
mai maiƙo, mai nauyi, irin wadda ayaba ke so.
Na ce, ci ki ƙoshi, kin zo garin ruwa.

Sati uku, ganye ya fara rawaya.
Rawayar ƙishi na san ta, ba ita ba ce.
Wannan mai laushi ce, mai tsami,
kamar tsumman da aka manta a baho.

Ashe Iya Morufu, maƙwabciyata,
kullum da asuba in ta gama ba ugu da ewedunta,
sai ta juye ragowar a bokitina.
Tausayi take ji.
Wai itacen ya yi fari fat kamar mai jinya.
Ga kuma saman garin nan da ba ta san ya isa ba,
kwana huɗu tana zuba, ba rana,
har layin dogo ya nutse, kwaɗi suka karɓe unguwa.

Na tumɓuke ta. Rabin saiwar ya yi baƙi.
Na sa reza na yanke abin da ya ruɓe,
hannuna na rawa kamar ranar da aka yi wa ɗana kaciya.
Na huda gindin bokiti da ƙusa, huda tara.
Na roƙi magina yashi kwano biyu,
na farfasa guntun bulo na zuba a ƙasa,
na ɗora ta kan dakali, ƙarƙashin bakin kwano,
inda rana ke kaiwa, ruwa bai kaiwa.

Na ce wa Iya, da Yarbancina mai ɗingishi,
wannan, son da take so shi ne a ƙyale ta.
Ta dube ni, ta dubi bokitin,
ta ce, "Halinku ɗaya."

Janairu ya zo, famfo ya ɗauke kwana goma sha ɗaya.
Mai ruwa ya ninka kuɗin jarka.
Ugu ya kwanta, ewedu ya sunkuyar da kai.
Ita kuwa a makon ta fitar da toho,
mai toka-toka, mai gashi kamar kunnen ɗan akuya,
daga baya 'yan furanni uku, ƙwallaye rawaya.
Zuma ɗaya ta zo.
Ban san wa ya gaya mata ba, a garin nan mai hayaƙin danfo.

Har yau ba ta wuce gwiwata ba.
A gida da tuni ta ɓoye mutum a tsaye.
Jikokina, haihuwar Legas, suna ce mata ciyawar Baba,
suna rataya mata safa ta bushe.
Ban tambaye ta ko tana jin daɗin zaman ba.
Ni ma ba a tambaye ni ba.

Da yamma in jirgi ya wuce, dakalin na girgiza,
ganyenta na kaɗawa bayan ƙarar ta yi nisa.
Da asuba kuma ina jin takun Iya Morufu.
Tana tsayawa da ragowar ruwa a hannu,
ta daɗe tana kallonta,
sannan ta juye a kwata.