Abin da Mota Ta Ci a Madafina

Mudassir, zauna, yau lissafi za mu yi,
ba na kuɗi ba, na kayan madafi.

Sabulun da na sayo ran Laraba a kasuwar Gadarif,
ko takardarsa ban kware ba.
Ka jiƙa shi, ka murje da sukari a tafin hannu
har ya yi danƙo kamar nakiya,
ka kwanta rigingine ƙarƙashin a-kori-kurar nan
ka liƙe tankin mai inda tsakuwa ta huda.
Ɗigo ya tsaya, ban musa ba.
Yara kuwa da wankan ruwa zalla suka tafi makaranta.

Ƙwai biyu na farar kazata.
Ka ce lagireto na yoyo,
ka fasa, ka ware gwaiduwa, ka tsiyaya farin a ciki,
ka bi shi da cokalin barkono.
Na ce, to saura albasa da gishiri,
tunda karin kumallo muke haɗa mata.
Albasar ma ba ta tsira ba:
da damina ta sauka waifa ta ƙi motsi,
ka raba ta biyu ka goge gilashi
don ruwa ya riƙa zamewa.

Kanwar miyar kuɓewa ta tafi wanke koren ƙura a kan batir.
Gwangwanin tumatir ya zama faci a salansa,
an ɗaure shi da wayar shanyata.
Man riɗi na ƙofar da ke kuka.
Man goge baki na fitilun da suka yi yana,
yanzu ta fi mu hasken haƙora.

Na ƙirga, na haɗiye.
Tsohuwa ce, na sani, ta girmi aurenmu,
kuma ita ke kawo dawa gidan nan.

Amma ka tuna daren Doka?
Kaka ta yi, buhu goma sha ɗaya na riɗi a bayanmu,
baƙar ƙasa ta dare kamar faso,
ba gari, ba gareji, sai sauro da kukan gyare.
Wani abu ya ce fat!
Allurar zafi ta hau, ka tsaya, ka ɗaga murfin inji,
ka zaro fambel a tsinke kamar mataccen maciji.
Ka lalube akwati, ka lalube aljihu,
ka dubi zariyar wandonka, ka dube ni,
ka yi shiru.
Mai dabara goma, ran nan ta sha ɗaya ta ƙi zuwa.

Ni na sauko.
Na kama gefen lafayata, shuɗiyar nan ta bikin Nafisatu,
na sa haƙori, na tsaga gida uku.
Ka riƙe min tocila hannunka na rawa,
na kitsa su tamau, irin kitson da ke wata biyu bai tsufa ba,
na jiƙa da ruwan buta,
na zagaya ƙafafun ƙarfen, na ja, na ƙulle,
ƙullin da Inna Batula ke wa bakin salka.
Na ce, tada, amma a hankali,
kar ka nuna mata ka san hanya.

Ta yi tari sau biyu, ta kama.
Muka rarrafa, muna tsayawa tana shan iska,
kitsona na juyawa cikin duhun inji
har ladanin Doka ya tarye mu.

Ban ƙara jin haushinta ba tun ranar.
Wanda ya sa tufarka ya zama ɗan gida.

Sai dai gobe, in ka sayar da riɗin nan,
sayo fambel na gaskiya, guda biyu.
Sayo lafaya, shuɗiya, kar ka yo min kore.
Sabulu kuma uku:
namu, na yara,
da nata.