Sayen Iska

Shekara talatin ina Kwari ina auna yadi,
Ka biya, in yanka, ka saɓa a kafaɗa ka tafi.
Sai Nafi'u ya tashi tafiya bautar ƙasa,
Ya bar mini mabuɗin shagonsa na Zoo Road,
Da littafi mai baƙin bango,
Da inji takwas masu huci kamar an koro awaki.

Ya ce, "Baba, yara za su kula da wasan,
Kai dai riƙe littafin, kada lasisi ya mutu."
Na ce, "Rai gare shi?"
Ya yi dariya, ya hau mota.

Shafin farko: inji na ɗaya, ga asusunsa,
Kalmar sirri sunan kakarsa ne da lambar gidanmu.
A gefe, da jan biro, ranar da rajista za ta ƙare.
Kowane inji da ranarsa, kamar masu jiran zubin adashi.

Rannan sabuwar ƙwallo ta fito.
Ta bara lafiyarta lau, ba ta kode ba, ba ta yage ba,
Amma yara suka tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu:
"Baba, wannan ɗan wasan ai tuni ya bar kulob ɗin."

Na sa katin banki, ya ƙi.
Na sake sawa, ya ƙi ni a gaban jama'a.
Na hau adaidaita zuwa Farm Centre wajen Sagiru,
Ya duba farashin dala kafin ya amsa sallamata.
Na ƙirga masa kuɗin da za su sayi turmi huɗu,
Ya rubuto mini haruffa a bayan rasit.
Na ce, "Ina kayan?"
Ya ce, "Su ke nan a hannunka.
Saye ɗaya, inji biyu, kada ka zarce."
Na dawo ina lissafi da yatsu a cikin cunkoso,
Takwas raba biyu, sau huɗu ke nan zan sayi iska.

Huzaifa ne ya raɗa mini, mai karɓar kuɗin shago,
Wai akwai wani a Sabon Gari,
Zai cika inji da wasanni a kuɗin kwanon shinkafa.
Ni da na san atamfar da ke zuba a wankin farko,
Ni da nake gane jabu da ɗan yatsa cikin duhu,
Na ce a gwada a inji na biyar.

Kwana tara ya yi.
Daren Asabar, shago cike, janareta na ruri,
Allon ya yi shuɗi, ya rubuto Turanci.
An rufe asusun, har da na halas ɗin da ke ciki.
Wa zan kama? Wa zan kai wa shugaban kasuwa?
Mai abin yana can bayan teku, bai ma san sunana ba.

Na yanko yadi biyu daga ragowar kayana,
Na lulluɓe na biyar, na ce ya huta.
Da Nafi'u ya kira, na ce komai lafiya,
Na yi shiru, sannan na faɗa masa.
Ya ce, "Rubuta a littafin, Baba."
Na rubuta da hannuna, da jan biro.

Yanzu kowace safiya nakan buɗe shafi kafin in buɗe ƙofa.
Na uku saura kwana shida, na bakwai sai bayan salla.
Yaro ya miƙo ɗari biyu, in ba shi minti goma,
In lokacinsa ya cika, in taɓa masa kafaɗa.
Yakan ce, "Baba, saura ƙiris in ci."
Nakan bar masa minti ɗaya.
Ni ma ɗan haya ne a nan,
Kuma nawa mai gidan ba ya ƙara ko daƙiƙa.